Shin da gaske maganin ƙwari da makaman yaƙi tushensu ɗaya ne?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne abin da kake ji ana yaɗawa cewa maganin ƙwarin da ake feshi da shi asalinsa makamin yaƙi ne, da kuma ko da gaske an taɓa gwada ƙwayoyin cuta a jikin mutane lokacin yaƙi, sannan ka ƙara da cewa kai tsoronka kada ace har yau gwajin ake yi a kanmu ta hanyar feshin nan. Toh tambaya uku ka haɗa wuri ɗaya kuma kowacce da amsarta daban, ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen saboda mu da muke karɓar waɗanda guba ta kayar a asibiti abin nan yana ci mana rai sosai.

Ta farkon akwai gaskiya a ciki amma an juya labarin. Ba makami aka mayar maganin ƙwari ba, neman maganin ƙwari ne ya haifi makamin. A ƙarshen shekarar 1936 wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Gerhard Schrader yana aiki a kamfanin IG Farben, abin da yake nema kawai shine abin da zai kashe ƙwarin gona da araha, sai ya haɗa wani sinadari da ya kashe ƙwarin nan take, amma da ɗigo kaɗan ya zube a kan teburin aikinsu shi da mataimakinsa idanunsu suka tsuke, jiri ya ɗebe su, numfashi ya nemi gagararsu, sai da suka yi makonni kafin su dawo daidai. Wannan shine tabun, gubar yaƙi mai kama jijiya. A lokacin dokar gwamnatin Hitler ta ce duk wanda ya gano abin da zai yi wa soja amfani dole ya kai rahoto, haka kuwa akayi, soja suka karɓe. A 1938 shi Schrader ɗin da abokan aikinsa suka sake fitar da sarin wanda ya fi tabun muni. Kuma shi dai mutumin nan ne a shekarun 1940 ya haɗa paratiyon, wanda bayan yaƙi aka yi ta sayarwa manoma a duniya. Shima VX da ake cewa ya fi kowanne kisa, daga binciken maganin ƙwari na kamfanin ICI a Ingila ya samo asali a farkon shekarun 1950, har an fito da wani ɗan'uwansa kasuwa da sunan Amiton a 1954 aka ga ba zai yiwu ɗan Adam ya riƙa taɓa shi ba aka janye, soja kuma suka ci gaba da nasu aikin a Porton Down, cibiyar binciken soja ta Ingila. Ga kuma Zyklon B, shi ma asali na kashe ƙwari da ɓeraye ne a rumbuna da jiragen ruwa, da shi 'yan Nazi suka hallaka yawancin mutum sama da miliyan ɗaya da suka mutu a sansanin Auschwitz, galibinsu Yahudawa, amma shi gubarsa daban ce, sayanayid ce.

Waɗancan na Schrader da irinsu diklobos da kulofirifos da malatiyon da ake feshi da su yau duk dangi ɗaya ne, ana ce musu oganofosfet, kuma wuri ɗaya suke kamawa a jiki. Bari in maka bayani don shine zai sa ka gane komai. Duk lokacin da jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, ko ta ce a fitar da yawu ko gumi, wani sinadari take saki ana ce masa asetilkolin, yana isar da saƙon sai wani sinadarin ya zo nan da nan ya rushe shi don tsokar ta huta. Gubar nan wannan na biyun take ɗaurewa. Sai ya zamana kamar an danna ƙararrawa an ƙi ɗaga hannu, saƙon na ta zuwa ba tsayawa, ko'ina a jiki lokaci guda. Ƙwaro da mutum duk da wannan tsarin suke aiki, shi ya sa abin da ya kashe shi zai iya kashe ka, bambancin kawai yawa ne da ƙarfi. Na yaƙi an zaɓo wanda ɗigon da ido ke gani da ƙyar ya isa, na gona kuma an zaɓo wanda jikin mutum ke iya narkar da wani kaso nasa kafin ya yi ɓarna, amma fa ka lura iya wani kaso na ce.

In ka ga wanda irin wannan ta kama ba ka mantawa. Ana shigo da shi riga sharkaf da gumi, yawu na dalala ba ya iya haɗiyewa, hawaye na zuba ba kuka yake ba, in ka buɗe idon sai ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, ya yi amai ya yi bayan gida a wando, naman fuska da na cinya na ta rawa su kaɗai, ƙirji na ƙarar ruwa kana jinsa tun daga bakin ƙofa, ga warin maganin ya cika ɗakin har ma'aikata su ma kansu ya fara ciwo. Abin da ke kashewa numfashi ne, huhu ya cika da ruwan jikinsa kuma tsokar da ke jan iska ta gaji ta tsaya. Allurar da muke bi da ita, atirofin, ita ce dai wadda ake ba sojoji su riƙe a aljihu saboda harin sarin. Kaga ko a magani ma sun haɗu. Abin da mutanen Halabja a Iraƙi suka gani ranar 16 ga Maris 1988 lokacin da aka kashe kimanin mutum 5,000 da iskar guba, da na jirgin ƙasan Tokyo a 1995, da na Ghouta a Siriya a 2013, yawanci waɗannan alamomin ne, sai dai a can cikin mintuna ake gamawa.

Tambayarka ta biyu, a nan sai mun raba zance domin mutane na cakuɗa su. Makami mai guba sinadari ne, ba shi da rai, iya inda ya kai nan ɓarnarsa ta tsaya. Makamin ƙwayoyin cuta kuwa abu ne mai rai, yana hayayyafa, wanda ya kamu zai iya kai wa wanda bai ma san anyi yaƙi ba. Kuma eh, an gwada a jikin mutane, ba jita-jita bane, akwai takardu akwai shaidu akwai hukuncin kotu.

Mafi muni da aka sani shine na sojan Japan a yankin Manchuriya na ƙasar Sin, runduna mai lamba 731 a wani wuri Pingfang kusa da birnin Harbin, ƙarƙashin wani likitan soja Shiro Ishii, daga tsakiyar shekarun 1930 har zuwa 1945. Wallahi duk lokacin da na tuna cewa likitoci ne suka yi wannan aikin, mutanen da suka yi karatun da muka yi, sai jikina ya mutu. Ana kamo mutane, yawanci Sinawa, da Rashawa da Koriyawa, har da mata da yara, a sa musu kwalara ko taifod ko fuleg, wato annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, ko antiraks wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa, a zauna ana rubuta yadda ciwon ke cin su kwana bayan kwana, wasu kuma a feɗe su da ransu ba tare da maganin kashe zafi ba don a ga abin da cutar ta yi wa kayan ciki kafin mutuwa ta canza shi. Wasu a ɗaure su a turaku a fili a tayar da bam mai ƙwayar cuta a auna daga nisan da take kamawa. A tsakaninsu ko mutane ba sa kiransu, gungumen itace suke cewa. Aƙalla mutum 3,000 suka mutu a cikin ginin nan kuma ba a san fursuna ko ɗaya da ya fita da rai ba. Ba su tsaya a nan ba, sun riƙa kiwon ƙuma a jikin ɓeraye masu cutar, a watan Oktoba 1940 jirgin sama ya bi ta kan birnin Ningbo ya zubo hatsi da auduga haɗe da ƙumar, mutanen gari suna ganin abu na faɗowa ba su san mene ne ba, kwana kaɗan aka fara mutuwa da kumburin hammata da matsematsi, kimanin mutum 100 suka tafi, daga ƙarshe sai da hukuma ta ƙone unguwar ƙurmus don cutar ta tsaya. A 1941 suka maimaita a Changde. Wani lokaci ma cutar ta juyo kan nasu sojojin, don ƙwayar cuta ba ta duba kakin da ke jikinka.

Abin da ya fi ɓata min rai shine abin da ya biyo baya. Da Japan ta sha kaye, Amurka ta yi ciniki da Ishii da manyan mutanensa, ku ba mu sakamakon binciken mu kuma ba za mu kai ku kotu ba. Haka akayi, Ishii ya mutu a 1959 ba a taɓa gurfanar da shi ba, wasu daga cikinsu ma suka koma suka zama manya a jami'o'i da kamfanonin magani. Tarayyar Sobiyet ce ta yi wa mutum 12 shari'a a Khabarovsk a 1949, a lokacin ƙasashen yamma suka ce farfaganda ce. Sai a 2002 wata kotu a Tokyo ta amince cewa lallai anyi wannan yaƙin na ƙwayoyin cuta, amma duk da haka ta hana iyalan waɗanda abin ya shafa diyya.

Kada kuma ka ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai. A 1942 Birtaniya ta kai tumaki wani ɗan tsibiri Gruinard a gaɓar Sikotlan ta fasa bam ɗin antiraks a kansu, tumakin suka mutu cikin kwanaki, ƙasar tsibirin kuma ta gurɓace, domin ita wannan ƙwayar tana iya dunƙulewa ta kwanta a cikin ƙasa shekara da shekaru tana jira. Sai a 1986 aka yi masa wanka da tan 280 na fomalin gauraye da ruwan teku, a 1990 aka ce mutum zai iya taka shi, shekara 48 kenan saboda gwajin nan. A Porton Down kuma a watan Mayu 1953 aka ɗiga wa wani matashin sojan sama ɗan shekara 20, Ronald Maddison, sarin a kan ƙyallen da aka ɗora a hannunsa, a ranar ya rasu, kuma sai a 2004 wani sabon bincike ya yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Amurka ita ma a Satumba 1950 jirgin ruwan sojanta ya fesa wasu ƙwayoyin bakteriya da suke ganin ba sa cutarwa a kan birnin San Francisco don su ga yadda hari zai bazu, ba wanda aka gaya wa, bayan nan wasu marasa lafiya 11 a wani asibiti suka kamu da irin ƙwayar ɗaya ya rasu, kodayake ba a tabbatar a kotu cewa feshin ne sanadi ba. A 1977 sojan suka amsa a gaban majalisar dattawa cewa sun yi irin wannan gwajin na fili sau 239. Sobiyet kuwa a 1979 antiraks ta sulale daga wata masana'antar soja a Sverdlovsk, aƙalla mutum 66 suka mutu, gwamnati ta ce wai gurɓataccen nama suka ci, sai a 1992 shugaban Rasha Yeltsin ya amsa cewa daga wajen soja ne. Ga kuma maganin ciyawa da Amurka ta yi ta zubawa daga sama a dazukan Biyetnam tsakanin 1962 da 1971, wanda aka fi sani da Agent Orange, lita miliyoyi, akwai gubar dayoksin a ciki wadda har yau ana aikin kwashe ta daga ƙasar tsofaffin filayen jiragen.

A takarda dai an haramta duka. Akwai yarjejeniyar 1972 kan makaman ƙwayoyin cuta, da ta 1993 kan masu guba. Ta biyun tana da hukuma a birnin Hague mai zuwa ta duba da idonta, ta farkon kuwa har yau ba ta da masu zuwa bincike, amana ce kawai, kuma ni wannan giɓin yana damuna.

Yanzu ga ta ukun, ko gwaji ake yi a kanmu da feshin nan. Ni dai amsata a'a, ba wata hujja da ke nuna haka, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita ka ce ya kawo. Na san wanda ya karanta abin da na rubuto a sama dole zuciyarsa ta yi zargi, ba laifinsa bane. Amma ina roƙonka kada zargin ya kai ka ga ƙin allurar rigakafi ko gidan sauro mai magani, shi gidan sauron maganin da ke jikinsa na wani dangi ne daban mai sauƙi ƙwarai ga mutum, kuma rayukan yaran da ya tsare ba sa ƙirguwa. Ko DDT da duniya ta haramta a noma an bar ƙofa don feshin cikin ɗaki saboda zazzaɓin cizon sauro. Ciwon da nake gani da idona ba ya buƙatar wani ɓoyayyen makirci, kwaɗayin riba da sakaci da rashin gaya wa mai amfani da abu gaskiyar abin da ke hannunsa sun wadatar, kuma a nan ne nake ganin kamar da ke tsakanin labarin yaƙin da na gona ta fi fitowa, kullum wanda abin ke shiga jikinsa shine na ƙarshen sani.

Duba labarin DBCP, maganin tsutsar ƙasa ne. A 1977 ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya suna hira a tsakaninsu suka lura cewa su 'yan sashen nan ba wanda matarsa ta haihu kwanan nan, da aka gwada su aka tarar maniyyin da yawansu ba ƙwayar haihuwa ko kuma ta ragu sosai, alhali tun shekarun 1950 gwajin dabbobi ya nuna yana lalata maraina. Aka takura shi a Amurka amma aka ci gaba da kai shi gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaragua, dubban maza suka rasa haihuwa. Haka kulodekon a tsibiran Martinik da Gwadalup na Faransa, an yi ta zuba shi a gonakin ayaba daga 1972 har 1993, yau sama da kashi 90 cikin 100 na manyan can yana cikin jininsu, ana kuma danganta shi da sankarar mafitsara ta maza wato ta furostet. Bhopal a Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, masana'antar maganin ƙwari ce ta Union Carbide ta saki iskar guba a kan mutane suna barci, dubbai suka mutu a kwanakin farko, sama da rabin miliyan suka shaƙa. Har gobe kuma akwai magungunan da Tarayyar Turai ta hana a gonakinta, kamar maganin ciyawa farakwat tun 2007, amma aka ci gaba da haɗa irinsu a nahiyar ana fitarwa ƙasashe matalauta. Wannan ba sirri bane, a fili ake yi da takardun izini.

Sai ciwon da ke zuwa a hankali wanda ba a kawo mana shi da gaggawa. Faransa tun 2012 ta amince cewa ciwon karkarwar jiki na Fakinsin ciwon sana'a ne ga manomin da ya daɗe yana feshi. Kulofirifos kuma bincike ya danganta shi da tauyewar ƙwaƙwalwar yaron da uwarsa ta shaƙa tana da ciki, shi ya sa Turai ta hana shi a 2020. Kan cutar kansa kuwa, wato sankara, a bi a hankali, hukumar binciken kansa ta duniya a 2015 ta ce linden tabbas yana haddasawa, DDT da malatiyon da gilaifoset kuma ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma kan shi gilaifoset ɗin har yanzu hukumomi na jayayya. Mai feshi kullum da mai haɗawa su ne a sahun gaba, ba mai cin abin da aka wanke aka dafa ba.

Akwai wani ɓangaren mai nauyi da ba a son faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne, sau da yawa ɓacin ran minti kaɗan ne, kwalba na kusa, da ba ta kusa da an wuce wurin. Siri Lanka ta hana shigo da 'yan magunguna mafiya haɗari, yawan masu kashe kansu ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, kuma noma bai durƙushe ba. Don Allah in akwai wanda ka ga damuwa ta yi masa yawa a gida, ka ɗauke irin waɗannan kwalaben daga inda hannunsa zai kai, ka kuma zauna da shi.

Kai da ke riƙe famfon feshi, mafi yawan gubar ta fata take shiga ba ta baki ba. Famfon goyo mai yoyo da ke jiƙa maka baya tun safe kana ta gumi, juya haɗin da hannu, hure bakin famfo da baki in ya toshe, cin abinci ko shan taba ba a wanke hannu ba, feshi iska na dawo maka da shi fuska, waɗannan su ne suke kawo mana mutane. Lokacin tsiyaya daga kwalba kafin a sirka shi yafi kowane lokaci haɗari. Ka duba layin kala da ke ƙasan kwalbar, ja shine mafi muni, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Maganin gona ba na ɗakin kwana bane ko da kuɗin cizo ya ishe ka, ƙwayar nan kuma da ake sakawa a buhun hatsi tana fitar da iskar fosfin, iskar na bi ta ƙofa da tsagar bango ta kashe masu barci a ɗakin kusa, yara ne kan fara tafiya, kuma ba ta da makari, farakwat ma haka. Kada a juye magani a robar lemo ko ta ruwa, kada kuma a wanke jarkar magani a zuba abin ci ko sha, a jihar Bihar ta Indiya a 2013 yara 'yan makaranta 23 suka mutu bayan cin abincin da aka samu monokurotofos a man girkinsa.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, a fitar da shi iska, a tuɓe masa kayan, a wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa safar hannu ko leda don kada shima ya kwasa. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai ko ruwan gishiri, ba sa karya gubar kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa huhu za su tafi. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar ko hoton takardar jikinta a tafi asibiti nan take ko da yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, sunan da ke jikin kwalbar shi ke gaya mana allurar da za mu ɗauko. Sannan in ya farfaɗo likita ya ce a bar shi a kwance, ku bari, saboda a irin wannan gubar akwai wanda zai tashi ya zauna yana hira, bayan kwana ɗaya zuwa huɗu wuya ya saki ya kasa ɗaga kai daga matashi, daga nan numfashi ya tsaya, in yana kusa da na'urar numfashi ana ceto shi, in an riga an kai shi gida kuwa da wuya a iso da shi a kan lokaci.